Ranar da Baba Ya Fiƙe Mini Kara

Akwai wani baƙin akwati a saman kabad ɗin ɗakina wanda dukanku kun taso kun gani, kuma dukanku kun sha jin uwarku tana kiransa "karsanata". Na san labarin da ke yawo a tsakaninku. Ana cewa wata shekara hankalina ya gushe, na sa aka sayar da karsanar uwarku Rakiya na kwaso tarkacen ƙarafa, ban tsinana kome da su ba. Ana kuma cewa kakanku Malam ya rasu yana fushi da ni a kan busa. Maganar farko akwai gaskiya a cikinta, har fiye da yadda nake so. Ta biyun kuwa babu, kuma ita ce ta zaunar da ni rubutun nan tun ina da sauran ido, don kada ku gaji fushin da ba a yi ba.

Ku da kuka san ni da furfura ba za ku gane yadda nake ji da kaina a wancan lokaci ba. Na koyi busa saksofon a soja, cikin masu kiɗan fareti, don kawai wani sajan ya dubi faɗin ƙirjina ya ce wannan iska ba za a bar ta ta tafi a banza ba. Da na ajiye kaki na zauna a Konni, na shiga ƙungiyar Shaibu mai jita, muna yin biki da suna daga nan har Malbaza, wani lokaci mu ƙetara iyaka. Mutane suna kiran abin busar tawa algaitar Nasara. Suna ganin ƙaton ƙarfe mai ruwan zinari da maɓallai jere, sai su ɗauka daga nan murya take fitowa. Ba su san cewa duk wannan ƙarfe bawa ne ba. Mai gidan shi ne wani ɗan siririn kara da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda ake ɗaurewa a bakin busa, an fere shi har ƙarshensa ya yi kamar ɓawon albasa. Shi ke kaɗawa in iska ta bi ta kansa. In ya so, mata su tashi rawa ba su san sun tashi ba. In ya ƙi, ka zama mai kukan jaki a gaban surukan mutane. Daga Yamai ake kawo mana su goma-goma a kwali, kuma duk mai busa ya san cewa a cikin goman da ƙyar uku za su yi magana, sauran sai zubarwa.

Kakanku kuwa, a Tajaye, aikinsa rubutu. Tun kafin a haife ni yake rubuta Alƙur'ani da hannu, takarda bayan takarda, da alƙaluman karan gamba da yake fiƙewa da kansa. Bai hana ni soja ba, kuma busar soja ya ɗauke ta dole. Amma da ya ji na bar soja ina bin gidajen biki ana manna mini kuɗi a goshi, sai ya aika a kira ni. A zaurensa, gaban ƙannena, ya faɗi maganar da na yi shekara ashirin da ita a wuya.

"Lawali, ban yi maka baki ba, ba kuwa ni yi. Amma na rantse da Allah, kunnena ba shi jin ƙahon nan naka har in koma ga wanda yay yi ni."

Ya cika alkawarinsa. Ina zuwa gaishe shi, yana amsawa, yana tambayar lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, amma ko sau ɗaya bai taka gidana ba, kuma tabarmarsa da tawa kullum akwai tazarar mutum biyu a tsakani.

Shekarar da nake ba ku labari ta fara da haɗari. Ina bayan kabu-kabu a hanyar iyaka, amalanken jaki ya fito mana daga lungu. Mai babur ya tashi yana kakkaɓe wando, ni kuwa na tashi ba haƙora biyu, leɓena na ƙasa ya rabe ta gefen hagu. Likita ya ɗinke shi da kyau, Allah ya saka masa, har uwarku ta ce na fi da kyan gani. Amma da ya warke sai wurin ya yi tauri kamar fatar takalmi, ba na jin kome a can. Ranar da na sake ɗaukar saksofon na busa, kajin gidan suka watse. Na canza kara, haka. Na buɗe sabon kwali, haka. Murya takan fara fitowa daidai, sai ta tsage a tsakiya ta koma ƙugi. Shaibu ya yi mini haƙuri wata uku, yana cike gurbina da wani abin kiɗa na lantarki mai maɓallai wanda ke kwaikwayon kowace irin busa. Daga baya ya zo har gida, ya zauna yana wasa da makullin babur ɗinsa, ya kasa kallona.

"Lawali, kai ɗan'uwa na, ka sani. Amma mutane suna ta magana. Bayan Salla muna da babban buki Malbaza. In muryarka ta komo, wurinka na nan. In ba ta komo ba, to, ka yi mini ahuwa."

Ban ji haushinsa ba, ina ma laifinsa. Amma ba ni da gona, ba ni da shago, ba ni da wata sana'a in ba wannan iskar ba, ga ku huɗu a lokacin. Kuma akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Na sayar da zaman kusa da mahaifina don wannan busa. In ita ma ta tafi, sai in ce me na yi da shekaruna ashirin?

A cikin wannan hali na ga akwatin. Wani mai shagon kayan kiɗa a Sakkwato ya buɗe mini shi kamar mai buɗe lefe. Ciki jan ƙyalle ne mai laushi, kowane ƙarfe da gurbinsa. Ga 'yar wuƙa mai faffaɗan baki ta kankare kara, ga falankin gilashi da ake kwantar da karan a kai, ga wani abu kamar na yanke farce na datse bakinsa, ga kuma wanda ya tafi da imanina, wani ma'auni mai allura kamar agogo, wanda ke gaya maka kaurin kara a kowane gefe. Mutumin ya ce da wannan akwati babu karan da ake zubarwa, mai tauri zai yi laushi, kurma zai yi magana. Na dawo Konni ba na ganin kome sai allurar nan. Kuɗinsa kuwa sai dabba, kuma dabba ɗaya ke gare mu, karsanar da uwarku ta gada, tana kiwo a Bazaga wurin wanta. Kwana biyu ina zagaye-zagaye kafin na iya buɗe baki. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Tun shekaranjiya nis san akwai abin da kaka so, don ka yaba miyata sau ukku. Karsana ta?"

Na ce ita ce.

"Ƙarhe za shi gyara maka leɓe?"

Na ce kara zai gyara, karan kuma ya gyara murya.

"To. A kai ta kasuwa. Amma ka sani, ko ka zama sarkin busa na duniya, akwatin nan sunanshi karsanata."

Ta cika nata alkawarin ita ma, kun shaida.

Abin da na yi da akwatin nan a makonnin da suka biyo baya, ko yanzu in na tuna kunya nake ji. Takardar bayaninsa da Ingilishi take, ni kuwa ɗan Faransancin lakwal, wato makarantar boko, da na soja ke gare ni, sai na bi hotuna. Na fahimci dai ana so gefen dama da na hagu su zama daidai, sai na duƙufa. In kankare, in auna, in kankare, in auna, har allura ta tsaya wuri ɗaya a gefe biyun. Da na ga tsakiyar karan ta fi ko'ina kauri, na ce ga inda taurin yake ɓuya, na bi ta da wuƙa ita ma. Kowane kara na gama shi sumul, gwanin kyau, in ɗaura in busa, ya yi mini kukan ɗan akuya. Na cinye kwali guda, na shiga na biyu, wanda shi ne na ƙarshe. An bar jaki ana dukan taiki, amma a lokacin ba wanda ya isa ya gaya mini haka.

Ana cikin haka ƙanena ya kawo Baba daga Tajaye. Yanar ido ta rufe masa ido biyu, ya kai ba ya bambanta kome sai haske da duhu, ya ajiye rubutu. Za a yi masa aiki a wani asibiti kusa da mu, amma sai an jira layi, kuma ba shi da inda zai sauka sai gidana. Lalura ce ta kawo shi, shi ma ya sani, ni ma na sani. Muka gyara masa zaure. Na naɗe saksofon a bargo na tura ƙarƙashin gado, na gargaɗe ku kada wanda ya ko ambaci sunansa. In zan gwada kara sai in saɓa shi a buhu in tafi bayan gari cikin gonakin albasa, kamar mai ɓoye kayan sata. Kankara kawai nake yi a gida, don na ɗauka ita ba ta da ƙara.

Wata safiya da hantsi, ana zafin bazara, saura kwana tara bikin Malbaza, saura kara uku a kwali. Ina zaune a inuwar bango bayan zaure, gilashi a kan cinya, ina ta kankara. Sai na ji murya daga ciki.

"Wa ke nan shina yi ma kara wulaƙanci?"

Na ce ni ne, Baba, wani ɗan gyara nake yi.

"Kwana huɗu ina jin ka. Wuƙa tana da kyau, hannu ne babu. Kawo in ji."

Na shiga. Na durƙusa nesa, inda na saba, na miƙa hannu da ƙyar na sa masa karan a tafi. Ya san ko na mene ne, ba yaro ba ne. Na jira ya jefar. Sai na ga ya juya shi, ya bi bayansa da babban yatsa, ya bi cikinsa, ya danna bakinsa a kan farcensa a hankali yana sauraron yadda yake lanƙwasa, kamar dai yadda na sha gani yana yi wa sabon alƙalami ina ƙarami. Fuskarsa ta canza. Ba fuskar uba mai fushi ba ce, fuskar mai sana'a ce da aka kawo wa aikin da wani ya ɓata.

"Wannan kara na ƙwarai ne, ba na ƙasarmu ba. Ya sha ruwa, ya sha rana, an yanke shi kan lokaci. Kai kuwa ka cinye mashi zucciya. Wa yag gwada maka a taɓa tsakiya? Ko alƙalami, kahwaɗu aka ragewa, a bar mashi ƙashin baya. In ka cire shi, da mi za shi tsayawa?"

Na ce takarda ce ta nuna, kuma akwai ma'auni, yana nuna gefe biyun sun yi daidai.

"Daidai da mi?"

Bai jira ni ba, ya ci gaba.

"Takardar ta san bakinka? An ce mini ka hwaɗi bisa babur. Matso."

Na matsa kaɗan.

"Matso, Lawali. Ba ni gani."

Na ja gwiwa har ta taɓa tabarmarsa. Ya ɗaga hannu yana lalube, ya sami haɓata, ya hau zuwa leɓe. Yatsun nan da tawada ta rina har ta zama launinsu, masu sanyi, suka bi bakina daga dama zuwa hagu, suka tsaya a kan tabon. Ya danna. Ya ce nan ina ji? Na ce a'a. Ya matsa kaɗan, nan fa? Na ce kaɗan-kaɗan. Ya sa na ciji yatsansa kamar yadda nake riƙe bakin busa, ya ji inda ƙarfi yake da inda babu. Ina da shekara arba'in da wani abu, ina da 'ya'ya huɗu, ina durƙushe da yatsan mahaifina a baki hawaye na zuba masa a hannu. Rabon da ya taɓa fuskata tun ina yaron da ake wanke wa ido. Ya goge hannunsa a riga, ya ce in ba shi sabon kara da wuƙar, in kawo ruwa a ƙoƙo.

Ya jiƙa karan tukuna, abin da ban taɓa yi ba kafin kankara. Ya ƙi gilashin, ya ƙi ma'aunin, ya kwantar da karan a kan yatsansa. Yana aiki yana magana, ba da ni ba sosai, kamar da karan.

"Kowane alƙalami hannun mai shi aka dubawa kahin a hiƙe shi. Mai danna hannu, a bar mashi kauri. Bahago, a karkata mashi baki. Ban taɓa hiƙe guda biyu iri ɗaya ba. Kai bakinka yanzu rabi na da rai, rabi ya mace. Ka ba shi kara mai gehe biyu daidai, kamar ka ba gurgu takalmi ka ce shi yi tsere."

Abin da na gani a wannan hantsi ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na yi yawo, na ga masu busa na gaske. Makaho, idanunsa a sama suna kallon rufin zaure, yana jan wuƙa a gefen hagu na abin da bai taɓa riƙewa ba a rayuwarsa. Abin da ke fita daga karan bai kai a kira shi ɓawo ba, ƙura ce kawai take sauka a kan farar rigarsa. Ja uku, ya taɓa da farce. Ja biyu, ya kai karan leɓensa ya ji kaurinsa. Gefen dama sau ɗaya tak ya shafa shi. Tsakiya ko kusa bai je ba. Ni da na yi makonni ina azabtar da allura, na zauna baki buɗe ina kallon shekara sittin na fiƙar alƙalami suna aiki a cikin yatsu uku. Duka bai kai a sha shayi zagaye ɗaya ba. Ya miƙo mini.

Na karɓa da hannu biyu, na ce zan tafi bayan gari in gwada in dawo in gaya masa.

"In ka tahi can, ni ƙaƙa zan san inda zan ƙara? Alƙalamin da ba a tsoma ga tawada ba, ba a san shi ba. Ɗauko abinka."

Na ce, Baba, rantsuwa.

"Rantsuwata ce ko taka? Ɗauko."

Na jawo saksofon daga ƙarƙashin gado. Uwarku ta bar daka ta tsaya riƙe da taɓarya. Na ɗaura karan, na tsaya a ƙofar zaure, na rufe ido na busa sauti ɗaya mai tsawo. Ya fito. Ya fito cikakke, mai kauri, tun daga ƙasa, bai tsage ba, har na ji shi a ƙashin ƙirjina kamar da. Na hau sama, nan ya ɗan shaƙe. Baba ya karkata kai, ya miƙo hannu. Na kwance na ba shi, ya yi ja biyu kusa da baki, ya mayar. Na sake hawa, hanya ta buɗe har ƙarshe. Ban san lokacin da na zarce cikin wata tsohuwar waƙar daka da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take yi a Tajaye ba. Na busa ta duka. Da na sauke, Baba yana zaune hannuwansa a kan gwiwa.

"Ashe haka abin yake," ya ce. Can kuma ya ce, "Waƙar uwarka ce." Ya share ƙurar kara daga rigarsa, ya laluba wuƙar ya sa a aljihu. "Wagga ta hi ƙarhinka. Ni ka riƙe ta."

Shi ya sa in kun buɗe akwatin za ku ga gurbi ɗaya babu kome. Bayan an yi masa aiki ido ɗaya ya buɗe, ya koma rubutu, kuma da wuƙar saksofon ya fiƙe alƙalumansa har ƙarshen ransa. Sauran kara biyun ma ya gyara mini kafin bikin, yana sa hannuna a ƙarƙashin nasa har na fara ganewa. Na je Malbaza, na busa, Shaibu ya rungume ni a gaban mutane. Na ƙara shekara goma sha ɗaya a wurina kafin numfashi ya ce ya isa. Matasa masu busa sukan zo su tambaye ni ko su sayi irin akwatin nan. Nakan ce wuƙar tana da amfani, gilashin ma ba laifi, ma'aunin kuwa yana faɗin gaskiya a kan kara amma bai san kome a kan mutum ba. Ban taɓa iya ce musu kada su saya ba, don da ban saya ba, da me zan yi ta kankara har tsoho ya kasa haƙuri?

Akwai abu ɗaya da ban sani ba sai bayan rasuwarsa. Ranar sadakar bakwai, an watse, ina zaune ina cewa ban san yadda mutum kamar Baba ya karya rantsuwa haka da sauƙi ba. Uwarku ta dube ni kamar yadda takan dube ni in na yi wauta.

"Da sauƙi? Kai kana can kana ta busa, ba ka lura ba. Washegari na kai mashi kunu, yac ce in mai da. Kwana ukku shina azumi cikin zahin nan, tsoho mai jiran aikin ido. Kaffara ce. Nac ce mashi, Baba, bari in dahwa abinci a ba mutum goma, ya wadatar. Yac ce hatsin gidan ga na ɗiyanku ne, shi ba shi da komi nan sai bakinshi. Yac ce, ni nir rantse, ni ka biya. Kuma kada Lawali shi ji, sai shi ce ya yi mini tsada."

Ta tashi tana tattara kwanuka, ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Rana ta ukku, da zai sha ruwa, nat tambaye shi ko ya yi nadama. Yac ce, Rakiya, da na san haka yaron ga ke busawa, da na biya tun da ƙarhina."